Na sa Ubuntu a laftof, sauti ya ɗauke gaba ɗaya

Mai tambaya, daga wani ƙauye kusa da Ringim:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina koyarwa a Islamiyyar garinmu, da laftof nake kunna wa yara karatu su ji yadda ake fitar da haruffa, wani lokaci kuma in naɗi muryarsu su saurari kansu. Laftof ɗin ta hannu ce, Windows ya yi mata nauyi, sai ƙanena ya sa min Ubuntu 22.04. Sauri kam ba a magana, amma sauti babu ko ɗis, lasifika shiru, iyafis shiru. A wurin saitin sauti abu ɗaya nake gani, Dummy Output. Yaron ya koma makaranta Dutse, mu kuma nan sabis sai an fita bakin titi. Don Allah wanda ya san kan abin ya taimaka.

Mai gyaran waya, Gumel:
Wa alaikumus salam Malam. Fara duba ramin iyafis. Ƙurar hunturu tana cika shi, na'ura ta ɗauka an soka iyafis, sai ta kashe lasifika. Sannan ka buɗe tamina, wato tagar da ake rubuta wa kwamfuta umarni, ka rubuta alsamixer. Duk inda ka ga MM a ƙasa, a rufe yake, danna M ya koma 00.

Ɗalibar kimiyyar kwamfuta, Kano:
Yayana, shawararka tana aiki a wani wurin, amma ban da nan. Da ƙura ce, sunan katin sauti zai fito, muryar ce kawai ba za a ji ba. Dummy Output yana nufin Ubuntu bai ga katin ba sam. Malam, rubuta aplay -l ka faɗa mana abin da ya fito.

Mai tambaya:
Allah ya yi miki albarka. Ya ce no soundcards found. Shi ma alsamixer ya ƙi buɗewa.

Malamin kwamfuta, Haɗeja:
To, mun kusa gano bakin zaren. Yawancin laftof masu Intel da aka ƙera daga wajen 2019 zuwa yau suna da makirfo na dijital, kuma sautinsu yana bi ta wani ɗan guntu da ba ya tashi sai an ba shi ƙaramar manhajarsa, wadda ake kira Sound Open Firmware. In ba ta nan, direban, wato manhajar da ke tafiyar da katin sauti, zai yi yunƙurin tashi ya kasa, katin ya ɓace gaba ɗaya. Ka tabbatar tukuna da sudo dmesg | grep -i sof. In ka ga yana kukan bai sami wani fayil ba, ita ce. Ka fita inda sabis yake, ka haɗa wayarka da laftof ɗin da kebul don ta samu intanet, ka rubuta sudo apt update, sannan sudo apt install firmware-sof-signed. Ba ta cin data sosai. Ka kashe laftof ɗin gaba ɗaya ka sake kunnawa.

Wani ɗan'uwa, Kazaure:
Ni layi ɗaya ya raba ni da wannan matsalar, ba tare da data ba. Na ƙara options snd-intel-dspcfg dsp_driver=1 a ƙarshen fayil ɗin /etc/modprobe.d/alsa-base.conf.

Malamin kwamfuta:
Gaskiya ne yana aiki, amma Malam kada ya fara da shi. Layin nan tilasta wa na'ura yake ta koma tsohon direba. Lasifika za ta yi magana, makirfon ciki kuwa a irin waɗannan laftof ɗin mutuwa yake yi, ga shi Malam yana naɗar karatun yara. A ajiye shi sai in babu yadda za a yi.

Ɗalibar kimiyyar kwamfuta:
Ƙari kaɗan. In aka yi duk wannan shiru bai yaye ba, wataƙila guntun ES8336 ne a ciki, wanda ake sa wa laftof masu araha, shi kuwa ya fi jituwa da sabon kanel, wato zuciyar manhajar Ubuntu. Ƙanenka ya zuba Ubuntu 24.04 a filashi, ku tayar da ita daga filashin ku gwada sauti kafin ku goge komai.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Gobe bayan sallar azahar zan shiga Ringim in gwada sauke manhajar tukuna. Malam na Haɗeja, in rubutun dmesg ɗin ya yi yawa, in ɗauki hotonsa in turo?

Malamin kwamfuta:
Turo, amma ka matso da kyamara layukan da suke da kalmar error su fito sosai.