"In ɓera da sata, daddawa ma da wari": wa ke ɓera a rigingimun cacar gwamnati?

Mai Alƙalami:
Salamu alaikum 'yan uwa. Karin maganar da na kawo yau ita ce: in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Hukuncin caca a addini sananne ne, ba shi na zo tayarwa ba. So nake mu auna ko wannan magana ta hau kan rigingimun da ake yi game da cacar tikiti da gwamnatoci ke gudanarwa da kansu. A watan Afrilun 2023, babbar kyautar Lotto Texas a Amurka ta kai dala miliyan 95. Lambobi shida ake zaɓa daga 1 zuwa 54, wato duk jerin da zai iya fitowa 25,827,165 ne, kowane tikiti dala ɗaya. Wasu masu hannu da shuni suka haɗa jari, suka saye kusan dukkan jerin cikin kwana uku, suka ci, suka karɓi dala miliyan 57.8 a dunƙule. Jama'a suka ce cuta ce. To wane ne ɓera a nan, ina kuma daddawar?

Hajiya Mai Lissafi:
Wa alaikumus salam, Malam. Ni ban ga ɓera ba tukuna. Karin maganar da sharaɗi ta fara, "in ɓera da sata", sai an tabbatar da satar sannan a waiwayi warin. Waɗannan mutane lissafi suka yi: kuɗin saye duk jerin bai kai dala miliyan 26 ba, abin da za a karɓa kuwa ya ninka haka. Sun kuma ɗauki kasada biyu. In wani ya zaɓi lambobin nan shida, raba kyautar za a yi, ribar ta zube. In kuma lokaci ya ƙure ba su gama bugawa ba, jerin da zai ci yana iya kasancewa cikin waɗanda suka rage. Abin tambaya a nan shi ne yadda aka buga tikiti sama da miliyan 25 a kwana uku. Na'urar shago ɗaya ba za ta iya ba. Hukumar cacar ce da kanta ta ba dillalan ƙarin na'urori. Shi ya sa nake ganin "sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga" ta fi dacewa, kuma mai bangon ne ya ƙara buɗe tsagar. A 2025 majalisar jihar ta rushe hukumar, ta miƙa aikinta ga wata ma'aikata.

Lauyan Zaure:
Hajiya, kin matse maganar da yawa. Mai sasanta rigima ne kan faɗe ta, ba don ya wanke ɓera ba, don ya ce wa mai kaya shi ma ya duba nasa. Raba laifi take yi. Kuma "sata" a bakin mutane ta fi ta kotu faɗi. Ki duba abin da ya faru a jihar Massachusetts da wasan Cash WinFall. An daina wasan a 2012, amma a lokacinsa tikiti dala biyu ne. Ƙa'idarsa ita ce in babbar kyauta ta kai dala miliyan biyu ba wanda ya ci, sai a zubo kuɗin kan ƙananan kyaututtuka, na waɗanda suka dace da lambobi biyar, huɗu ko uku. A irin wannan rana, wanda ya sayi tikiti da yawan gaske kusan tabbas ne zai fita da riba. Wasu ɗaliban jami'ar MIT da wasu mata da miji daga Michigan suka gano haka, suka riƙa saye dubu ɗaruruwa. Babban mai binciken jihar ya fitar da rahoto a 2012, bai same su da karya doka ba, amma ya nuna jami'an cacar sun daɗe da sani, suka bar abin yana tafiya tunda ciniki na ƙaruwa. Wurin da ya fi ci mini rai shi ne na 2010, lokacin da ɗaliban suka saye tikiti kusan 700,000 a zagaye ɗaya, suka tura kyautar ta haye miliyan biyu ba zato. Sauran mutane ba su san ranar zubowa ce ba, tunda hasashen da hukumar ta sanar bai kai nan ba, ba su fito saye ba. Babu dokar da aka karya, amma wanda ya sayi tikiti ɗaya yana zaton shi da kowa daidai suke, ba haka ba ne.

Ɗan Kwamfuta:
Ranka ya daɗe Lauya, na yarda da wannan, sai dai akwai inda faɗin karin maganar zai zama zalunci. Eddie Tipton a da shi ne shugaban tsaron kwamfuta na ƙungiyar da ke haɗa cacar jihohin Amurka da dama. Ya cusa 'yan layuka cikin manhajar da ke fitar da lambobi. Duk shekara na'urar tana aiki daidai, sai a ranaku uku kacal, in sun faɗo Laraba ko Asabar bayan ƙarfe takwas na dare, sannan take bin wata hanyar da ke taƙaita lambobin zuwa 'yan ɗaruruwan jeri da shi zai iya hasashensu. Shi ya sa masu gwajin na'urar ba su ga komai ba, ko sau nawa suka gwada a sauran ranaku lafiya take fitowa. Da wannan aka ci kyaututtuka a Colorado, Wisconsin, Kansas da Oklahoma, har zuwa ta dala miliyan 16.5 a Iowa a Disambar 2010. Ya amsa laifinsa a 2017, aka yanke masa ɗaurin da zai iya kai shekara 25. Wannan ai "da ɗan gari akan ci gari" ne, ko "an ba kura ajiyar nama". Wane wari ne ya ja wanda ake biya albashi don ya yi gadi?

Baba Dattijo:
'Ya'yana, ku koma kan kalmomin. Daddawa ba ta da zaɓi, wari halinta ne. Kuɗi mai yawa a wuri ɗaya haka yake, dole ya kira ɓera. Don haka in an ce daddawa na da wari, da mai ajiyar ake, wanda ya bar ta a buɗe alhali ya san halinta. A kan wannan fahimta maganar ta hau kan Tipton ma, domin mutum ɗaya aka bari ya rubuta manhajar, yana kuma da ikon shiga ɗakin da na'urar take. Tun kafin kwamfuta ma an yi irinta. Ranar 24 ga Afrilun 1980 a cacar jihar Pennsylvania ta Amurka, an sa allura an ɗura farin fenti cikin ƙwallayen da iska ke hurawa sama, aka bar masu lamba 4 da 6 kawai ba nauyi. Gurbi uku ne, kowanne ko 4 ko 6, jeri takwas ke nan. Suka saye takwas ɗin da yawa, aka fitar da 666 a talabijin kowa na kallo. Mai gabatar da shirin, Nick Perry, yana cikin waɗanda aka ɗaure. Yawan kuɗin da aka zuba kan 4 da 6 a rana ɗaya ne ya tona su. Da ana auna nauyin ƙwallayen gab da farawa a gaban shaidu, da ba a kai nan ba.

Hajiya Mai Lissafi:
Baba, Allah ya ƙara girma, wannan fassarar na karɓa. Tsorona shi ne yadda ake juya maganar a ɗora wa wanda aka cuta. A lardin Ontario na Kanada, a da mutum kan miƙa wa mai shago tikitinsa ya duba masa, mai shago ya ce bai ci komai ba, ya riƙe tikitin, daga baya ya je ya karɓa. Masanin ƙididdiga Jeffrey Rosenthal ya lissafa cewa tsakanin 1999 da 2006 manyan kyaututtukan da ya kamata masu shaguna su ci bisa sa'a ba su wuce wajen 57 ba, amma kusan 200 suka ci. In wani ya ce wa tsohon da aka yi wa haka "kai ma da sakacinka", ya ci zalinsa sau biyu. Gyaran da aka yi bayan rahoton binciken da aka fitar kan lamarin a 2007 ya nuna inda laifin yake: mai tikiti ya sa hannu a kansa kafin ya miƙa, allon na'urar ya fuskanci mai saye, na'urar ta yi ƙara in an ci, a kuma ajiye wata da mutum zai duba da kansa. Sannan a guji ganin ɓera inda babu shi. A Disambar 2020 a Afirka ta Kudu lambobi 5, 6, 7, 8, 9 da 10 suka fito, mutum 20 suka ci, aka yi ta ihun maguɗi. Jerin nan damarsa ɗaya da kowane jeri, kuma masu zaɓen lambobi a jere suna da yawa, shi ya sa masu cin suka yi yawa.

Lauyan Zaure:
Akwai wurin da murfin daddawar da kansa, wato matakin tsaron, ake rigima a kai. Abin da ya hana a biya kuɗin Iowa shi ne dokar jihar ta ce sai an san wanda ya sayi tikitin. Lauyoyi sun zo karɓa da sunan wani asusun amana ana saura 'yan sa'o'i wa'adin shekara ɗaya ya cika, aka ce su faɗi mai shi, suka janye suka bar kuɗin. Sai a 2014 aka saki bidiyon shagon, waɗanda suka san Tipton suka gane shi. To a 2018 wata mata a New Hampshire ta ci kusan dala miliyan 560, ta riga ta sa hannu da sunanta a bayan tikitin, ta shiga kotu tana neman a ɓoye sunan don tsoron masu damfara da masu barazana. Alƙali ya ba ta gaskiya, ya ce garinta kawai za a bayyana. Hujjarta mai ƙarfi ce, ta Iowa ma haka. Ni dai abin da nake goyon baya shi ne a ɓoye wa jama'a sunan, amma dole hukuma da wani mai bincike da ba ya ƙarƙashinta su ga mutumin ido da ido, su duba inda aka sayi tikitin da lokacin, su kuma tabbatar ba shi da alaƙa da ma'aikatan cacar ko masu shagon kafin a saki ko dala ɗaya.