Ɗan yayana yana JSS 2 amma karatu ya gagara, ta ina za a fara?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ɗan yayana ne, shekararsa 13, ya dawo hannuna bayan rasuwar mahaifinsa. Idan aka ba shi littafi sai ya karanta kalma biyu ko uku ya tsaya yana kallon shafi, kuma a gida ba ya son magana. Wani ɗalibin jami'a a unguwarmu ya yarda ya riƙa zama da shi. Me zan ce masa ya yi? Baɗi ne yaron zai zana BECE, jarrabawar kammala JSS 3.

Malamar firamare: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan mahaifinsa. Goggon yaro, a ajiye littafin JSS 2 tukuna, a fara gano inda ya tsaya. A rubuta abu huɗu a takarda: haruffa goma, kalmomi goma masu sauƙi irin su kaza da tulu, sakin layi mai jimla huɗu, sai gajeren labari. A fara ba shi sakin layin. In ya yi kuskure fiye da uku a sauka kan kalmomi, in nan ma ya kasa a koma haruffa. Inda ya iya, daga nan darasi zai tashi. Hanyar da ƙungiyar Pratham ta Indiya ta yaɗa ke nan, wato koyar da yaro daidai matakinsa, ba daidai ajinsa ba.

Ku fara da Hausa, don yadda ake faɗinta kusan haka ake rubuta ta. A yanka kwali a rubuta gaɓoɓi, ba, be, bi, bo, bu, ya riƙa haɗa su da hannunsa. A kula da ɓ, ɗ, ƙ, nan yara suke yawan tuntuɓe. Turanci ya biyo baya.

Minti 40 sau uku a mako ya fi awa biyu ranar Asabar kaɗai, saboda abin da aka bari kwana shida sai an sake shi daga farko. Minti 10 gaɓoɓi, 15 karatu da murya, 10 shifta, 5 hira. Duk mako biyu a ƙirga kalmomin da yake karantawa daidai a minti ɗaya, a rubuta a bayan littafinsa ya gani da idonsa.

Wani ɗan uwa: Ni dai ina ganin a sayo masa tambayoyin BECE na baya ya yi ta bita, lokaci ya ƙure.

Malamar firamare: Malam, wanda bai iya karanta tambaya ba, me zai bita? Haddace amsa zai yi. Wannan sai zango na biyu a JSS 3.

Mai ba ɗalibai shawara: Hajiya, maganar shirun nasa nake so a duba. Zama biyu na farko kada a buɗe littafi; ɗalibin ya gano abin da yaron yake so, ƙwallo ne ko gyaran keke ko kiwon tattabaru, daga baya a rubuta masa abin karantawa a kai. In ya maƙale a kalma, a ƙirga biyar a zuci kafin a taimaka. Ba bulala, ba "kai daƙiƙi ne", kuma kada a kawo miki ƙararsa yana tsaye.

Abu mafi muhimmanci, ki tambayi ɗalibin ko zai iya riƙe wannan har ƙarshen shekarar karatu, da lokacin jarrabawarsa da hutu. A binciken da aka yi kan shirin Big Brothers Big Sisters na Amurka, inda ake haɗa yaro da babba mai jan ragamarsa, yaran da aka yanke hulɗa da su kafin wata uku sun ƙara raina kansu. Maraya da ya fara sabawa da mutum sannan mutumin ya ɓace, ya ji wani rashin kuma.

Ma'aikaciyar jinya: A duba idonsa a asibiti, da kunnensa. Wani yaron, rubutun allo ne ba ya gani. Sannan zaman ya kasance a tsakar gida ko zaure, ƙofa a buɗe, babba yana kusa. Duk waya ta bi ta hannunki, ba kyautar ɓoye, ba fita da shi sai da saninki. Ki faɗa wa ɗalibin haka tun ranar farko, tare da abin da za ki riƙa ba shi a wata, ko da kuɗin mota ne.