Waɗanda suka taɓa ganin tseren ƙanƙara ido da ido, ku ba mu labari

Autar gida: Assalamu alaikum yayyena. Jiya na zauna kallon maimaicin tseren zamiya a kan ƙanƙara na gasar Olamfik ta hunturu, abin ya ɗaure min kai. Mutum biyu suka tashi, ɗaya ya bar ɗaya a baya nesa, amma da ya isa sai ya dafa gwiwoyi yana kallon allo rai a ɓace. Ƙarshenta ko na biyar bai zo ba. To da wa yake tseren? Wanda ya taɓa shiga filin ko ya taɓa sa takalmin, don Allah ya ba mu abin da ya gani.

Ɗalibi a Holan: Wa'alaikumus salam ƙanwata. Da agogo yake tsere. Bibbiyu ake sakinsu, sai kowa ya gama a jera lokutan, saboda haka kana iya kayar da abokin tashinka a banza. Ni ma sai da na shiga Thialf, babban filin 'yan Holan da ke garin Heerenveen, lokacin gasar duniya ta Maris 2023, sannan na gane. Zagayen mita 400 ne, layi biyu. Na ciki yana ɗaure da farin ƙyalle a damtse, na waje ja, kuma kowane zagaye sai sun yi musayar layi don kada a cuci wani.

Abin da talabijin ke ɓoyewa shi ne gudun. Kyamara tana tafiya tare da su, sai ka ga kamar yawo suke. Ina zaune kusa da kwana, mutum ya zo ya wuce, kafin in juyar da wuya har ya yi nisa. Masu gajeren zango suna kusantar kilomita 60 a awa. Jama'a kuwa duk sun yi shigar ruwan goro, ga 'yan badujala suna ta busa idan an tsaya gyaran ƙanƙara. Amma da alƙali ya ɗaga bindiga, wuri ya yi tsit, ko tari ba ka ji. A gasar nan ne Jordan Stolz, yaro ɗan Amurka mai shekara 18, ya kwashe zinaren mita 500 da 1000 da 1500 a gidan masu abin. Tsohon da ke gefena ya girgiza kai, sannan ya miƙe yana tafa masa.

Baban Yara, Koriya: Ni nawa a Gangneung ne, nan Koriya, Olamfik ta 2018, daren tseren mata na mita 500. Duk ƙasar Lee Sang-hwa take jira, don ita ta ci a 2010 da 2014. Kafin ita sai Nao Kodaira ta Japan ta yi daƙiƙa 36.94, ta kafa sabon tarihin Olamfik. 'Yan ƙasarta suka ɓarke da ihu, sai kawai ta ɗora yatsa a leɓe, wai a yi shiru, Lee za ta tashi. Wallahi har yau wannan yatsan nake tunawa. Lee ta yi 37.33, ta samu azurfa, ta fashe da kuka tana riƙe da tuta. Kodaira ta zamo ta zo ta rungume ta, suka zagaya filin tare. Wanda ya san irin tsamar da ke tsakanin ƙasashen biyu zai gane me ya sa matar da ke gabana ta rufe fuska da gyale tana sheshsheƙa.

Shawara ɗaya, a sa safa biyu. Sanyin ta ƙafa yake shigowa.

Injiniya a Kalgari: Ku kun kalla, ni na ɗanɗana. Filin da aka gina nan don Olamfik ta 1988 ana buɗe wa jama'a shi, sai wani abokin aiki ya ara min takalminsa na tsere. Ƙarfen da ke ƙasansa dogo ne, ya zarce ƙafa gaba da baya, kaurinsa bai fi milimita ɗaya da ɗan wani abu ba, kuma takalmin gajere ne, ba ya riƙe idon sawu. Tsayuwa ma aiki ce. Ya ce in durƙusa kamar zan zauna a kujerar da babu, in riƙa turawa gefe, kada in tura baya. Ban cika zagaye ɗaya ba cinyoyina suka kama wuta. Na miƙe don in huta, sai ga ni a ƙasa warwas, wata yarinya da ba ta fi shekara takwas ba ta wuce ni tana tambayar ko lafiya.

Kuma ku saurari wani ƙwas-ƙwas da ke tashi idan suna gudu. Ƙarfen a gaba kawai yake manne, diddige na ɗagawa ya bar shi a kan ƙanƙara, sannan ya dawo ya buga. 'Yan Holan suka ƙirƙiro shi, kuma da ya shiga Olamfik ta Nagano a 1998 sai tarihi ya yi ta zubewa. Nan da Salt Lake City kuma kan tudu muke, iska ba ta da kauri, shi ya sa yawancin tarihin duniya a filayen biyu aka kafa su.

Mai faɗin gaskiya: Ku yi haƙuri, ni dai na mita 10,000 na kalla a filin Richmond na Kanada a Olamfik ta 2010, kuma barci ya kusa ɗauke ni. Zagaye 25, mutum biyu, hannu a baya kamar dattawa za su gaisuwa. Da ba don abin da ya faru da Sven Kramer ɗan Holan ba, da na ce asarar tikiti na yi. Ya riga kowa, yana murna, ashe kocinsa ya nuna masa layin ciki a inda ya kamata ya fita waje. Aka soke tserensa, zinare ya koma hannun Lee Seung-hoon na Koriya. Na ga yadda ya yi jifa da tabarau.

Ɗalibi a Holan: Haba Yaya, ai laifinka ne, mutanen kake kallo. A dogon zango allo ake kallo. Kowane zagaye ana nuna daƙiƙoƙinsa, idan ka ga 30 ta koma 31, ta koma 32, to ƙafa ta fara mutuwa, nan ne filin ke ɗaukar zafi. Nils van der Poel na Suwidin ya yi minti 12 da daƙiƙa 30.74 a Olamfik ta Beijin a 2022, wato kusan daƙiƙa 30 kowane zagaye har sau 25. Tambayi Injiniya da bai cika ɗaya ba.

Injiniya a Kalgari: Allah ya isa tsakanina da kai.

Uwar Biyu: Ni a talabijin na gani, amma ku bar ni in sa baki. Ranar da Erin Jackson 'yar Amurka ta ci mita 500 a Beijin, 'yata ta matso jikin allo ta ce, Mama, ashe baƙaƙe ma suna yi? Na ce mata Shani Davis ya riga ya ci mita 1000 tun 2006 a Turin. Jackson ma da takalmi mai taya ta saba a Fulorida, kuma ta zame a gasar zaɓen 'yan wasa, sai ƙawarta Brittany Bowe ta bar mata gurbinta. Tun ranar yarinyar nan take zamiya da safa a kan tayil, ta ɗora hannu a baya. Injiniya, akwai hular kariya ta yara, ko in fara da ɓoye safar?

Injiniya a Kalgari: Akwai, Anti. Ki haɗa mata da ta gwiwa, nan ne aka fi jin jiki.