Tecno Spark Go 2024 za ta yi wa Hajiyarmu?

Ɗan Autan Hajiya: Jama'a salamu alaikum. Waya nake nema wa Hajiyarmu. WhatsApp ne da sauraren wa'azi kawai, amma idonta ya ɗan yi rauni. Wannan za ta yi?

Mai Gyaran Waya: Malam, za ta yi. Fuskarta inci 6.6 ce, sai ka ƙara mata girman rubutu. Batir 5000mAh, ga sifika biyu, wa'azi zai fito tar.

Maman Yara: Ɗan'uwa, ka dai duba, Android Go ce, wato Android ɗin da aka yi don wayoyi marasa ƙarfi sosai, ba ta son kaya da yawa. Kada jikoki su cika ta da gem.

Ɗan Autan Hajiya: Ai jikokin ne abin tsoro, su bakwai ne a gidan!