Zaɓen Amalanken Ɗauko Babbar Dabba Bayan Farauta

Wasu mafarauta da suka tattauna irin amalanken da ya fi dacewa da ɗauko babbar dabba daga daji sun fi daɗewa a kan taya, kuma da gaskiyarsu, domin ita ce ke fara ba mutum kunya a daji. Sun fi amincewa da manyan tayoyi marasa iska, waɗanda ƙaya ba ta hudawa, kuma suke haye duwatsu da kututture. Amalanke mai taya biyu ya fi daidaito a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, amma a siririyar hanya mai taya ɗaya ya fi, muddin mutum biyu za su riƙe shi. Na alminiyum bai kai na ƙarfe nauyi ba. Sun kuma jaddada a ɗaure dabbar tamau, nauyinta ya sauka daidai kan tayoyi.