Muhawara a zaure: wai motar tsere ajiyar kuɗi ce?

Nura: Salamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema amma bari in faɗi ra'ayina tun farko. An yi mana rabon gado watan jiya, kuma ba na son kuɗin su kwanta a banki naira tana narkewa ina kallo. Wani ya turo min hotunan Ford Mustang ta 2018 daga Legas, ja, injin V8 mai silinda takwas, wallahi tun shekaranjiya ban daina kallonta ba. Ni a ganina irin waɗannan motocin tsere ba sa faɗuwa kamar sauran motoci, in ka ajiye su ma tashi suke yi. Ku duba, a 2022 an sayar da wata Mercedes 300 SLR ta 1955 yuro miliyan 135, a 2018 kuma Ferrari 250 GTO ta tashi a gwanjo dala miliyan 48.4. To me zai hana in sa kuɗina nan maimakon fili a bayan gari?

Alhaji na Kamba: Wa alaikumus salam. Allah shi jiƙan mahaifinka Nura, mutumin kirki na, mun yi hulɗa da shi tun muna ɗauko motoci Kwatano. Ɗana tambaya guda zan yi maka, wagga Marsandi da kac ce, guda nawa anka ƙera? Biyu tak a duniya. Ferrari ɗin 36. Ita ko Mustang, cikin 2018 ɗin da kake magana kamfaninsu ya yi bikin ƙera ta miliyan 10. Abin da ke akwai miliyan 10 ba shi zama abin nema. Kada sunan motar tsere shi ruɗe ka ka haɗa su cikin buhu guda.

Aminu BK: Baba Alhaji da girmanka amma ban yarda gaba ɗaya ba. Ba sai mota ta zama guda biyu a duniya ba. Akwai binciken da kamfanin nazarin farashin motoci iSeeCars suka fitar a Amurka a 2023, sun duba nawa mota ke zubarwa cikin shekara biyar, Porsche 911 ita ta zo ta ɗaya wajen riƙe daraja, kashi 9.3 cikin ɗari kawai ta rasa alhali matsakaicin duk motoci kusan kashi 39 ne, ko Toyota Tacoma da ake yabo ba ta kamo ta ba. Ga Toyota Supra ta wajen 1993 zuwa 2002 wadda da can yara ke saye a hannu, yau mai tsabta ta fi kuɗin sabuwarta nesa ba kusa ba. Kuma ni da idona, abokina ya sayi mai ƙofa biyu miliyan 15 a 2021 ya sayar miliyan 27 a 2024, ya hau abarsa shekara uku ya ci ribar miliyan 12. Wane fili ne zai ba ka haka kuma ka shiga cikinsa ka je Argungu?

Hajiya Mai Shinkafa: Aminu ɗauko kalkuleta mu yi tare. A 2021 dala tana wajen naira 500 a kasuwar bayan fage, miliyan 15 ke nan dala dubu 30. A 2024 bayan an saki naira dala ta kai 1,500, miliyan 27 dala dubu 18 ce. Abokinka ya zubar da dala dubu 12, kashi 40 cikin ɗari, ba riba ya ci ba. In ba ka son lissafin dala mu yi da abin da na sani, buhun shinkafa da nake sayarwa ƙasa da dubu 30 a lokacin ya haura dubu 80 a 2024, ka lissafa buhu nawa kuɗinsa na farko ke saye da nawa na biyun ke saye. Wannan abin yana ci min rai ƙwarai don ƙanena ma haka ya zo yana murna ya sayar da mota da riba, da ya je zai maye gurbinta sai ya ga ko irin wadda ya sayar kuɗin ba su kai ba.

Aminu BK: To Hajiya ai ko a haka ya fi wanda ya bar miliyan 15 ɗin a asusu, shi a 2024 dala dubu 10 gare shi.

Hajiya Mai Shinkafa: Wannan gaskiya ne ban musa ba. Amma ba asusu Nura ya ce zai gwada ta da shi ba, fili ya ce. Kuma ba ka sa kuɗin mai da taya da gyara ba.

Garba Bakanike: Ku bari in shigo nan don ni motocin ga hannuna suke ƙarewa. Bara anka kawo min wata 'yar Amurka mai ƙofa biyu garejina, yaron ya taka wani tudun rage gudu da dare bai gani ba, ita ko cikinta kusan ƙasa yake, tazarar ba ta wuce tafin hannuna ba. Da munka ɗaga ta sai ga kaskon baƙin mai ya tsage, mai na ɗiga kaɗan kaɗan, bamba ta gaba ta karye ta ƙasa inda ido ba shi gani. Ba mu samu kaskon ba nan, ba Sakkwato, ba Kano, sai da anka yi odar shi daga waje, mota ta yi sati bakwai ƙarƙashin darbejiya. Ku sani taya irin tata faffaɗa ce kuma siririya, rami guda sai ta kumbura ko gindin tayar ya lanƙwashe. Ga zafinmu na Afrilu da ke wuce 40, gaban mota na tsagewa, ledar kujera na bushewa, ga ƙurar hunturu da ke cika matatar iska cikin wata guda. In kuma ka ce ajiye ta za ka yi kada ta lalace, to ajiyar ma cuta ta: batir shi mutu, taya ta zauna gefe guda, mai shi tsufa cikin tanki, ɓera shi shiga shi ci waya. Na ciro sheƙar ɓera da 'ya'ya biyar cikin injin motar da maigidanta ke lulluɓe ta da tamfol yana cewa kadara ce.

Dakta Bashir: Ina karantawa daga nesa, bari in ƙara abin da nake gani a nan Amurka. Aminu alƙaluman da ka kawo daidai ne, amma a cikin wannan binciken dai Maserati Quattroporte ta rasa sama da kashi 64 cikin ɗari, ita ma mota ce mai suna da gudu. BMW i8 da ƙofofinta ke ɗagawa sama kowa na ɗaukar hoto da ita, sabuwarta ta haura dala dubu 130, je ka ga nawa ake sayar da ta hannu, rabi ma da ƙyar. Ita 911 da ke riƙe daraja akwai dalili, masu sonta suna da ƙungiyoyi, akwai makanikan da ita kaɗai suka iya, kuma mai saye zai ce ka kawo takardun duk wani sabis da aka yi mata tun daga ranar farko, ya sa na'ura ya auna kaurin fenti ya ga ko an taɓa fesa ta, ya duba ko lambar injin ta dace da ta bodi. Wadda ba ta da wannan tarihin ko sunanta ɗaya da ta kusa da ita kuɗinsu ba ɗaya ba ne. Tsofaffin 911 masu sanyaya injin da iska ba lagireto, waɗanda aka daina yi a 1998, sun yi tsada ne don an san ba za a ƙara yin su ba har abada.

Dakta Bashir: Kuma ko cikin masu ƙarancin ma ana ƙonewa. A 2016 Porsche ta fitar da 911 R mai giyar hannu guda 991 kacal a kan kimanin dala dubu 185, nan take waɗanda suka samu suka fara juyar da ita ninki uku ninki huɗu. Shekara ta zagayo sai kamfanin ya fito da wata 911 ɗin mai suna GT3 Touring, ita ma giyar hannu, kusan abu ɗaya, farashin R ya sauko, wanda ya saya a ƙololuwa ya sha kashi. Ford kuma da za ta sayar da GT ta 2017 sai da ta sa masu saye suka sa hannu ba za su sayar ba sai bayan wata 24, har ta kai John Cena ɗan kokawa kotu don ya sayar da tasa da wuri. Wato su kamfanonin suna iya buɗe famfo ko su rufe, kai mai saye a ƙarshe ba ka da ta cewa.

Nura: Dakta to ita Nissan Skyline R34 fa? Na ji ta ninka.

Dakta Bashir: Ta tashi sosai, amma dubi dalili. Dokar Amurka ba ta barin a shigo da motar da ba a ƙera don kasuwarsu ba sai ta cika shekara 25. An fara R34 samfurin GT-R, wadda ake rububi, a 1999, don haka 2024 ƙofa ta buɗe, mutane suka riga suka saye su a Japan suna jira. Kuma sitiyarinta a dama yake, dokar hanya ta Najeriya ba ta yarda da wannan ba.

Alhaji na Kamba: Madalla Dakta. Ni abin da nike son Nura shi gane, daraja ba cikin mota take ba kaɗai, sai da mai saye. Shekara talatin ina wagga sana'a. In na aje Hilux ko Corolla yau, kafin Juma'a mutum biyar sun taya, manomi na so, ɗan kwangila na so, mai zuwa ƙauye na so. Mai ƙofa biyu na taɓa karɓar guda, ta yi wata goma sha huɗu tana kwantai, kullum samari na zuwa su buga hoto su tahi, wanda ya taya da gaske mutum biyu na, kuma duk sun san na gaji, sai sunka taya kamar suna min alfarma. Tun da anka cire tallafin mai ga Mayun 2023 tambaya ta farko da mai saye ka yi ita ce ya take shan mai. V8 ka ce hwa. Ranar da kake da larura ta gaggawa, asibiti ko aure, filinka za ka iya yanka rabi ka sayar, mota ba a yanka ta.

Aminu BK: Baba ai yanzu ba sai an jira ɗan Birnin Kebbi ba, ka ɗora a Instagram ɗan Abuja ko Legas ya gani ya aiko tirela. Kuma ana ba da hayarsu a bukukuwa, ga samarin wasan mota da ke neman tsofaffin BMW da Marsandi ido rufe, ka san da wannan.

Alhaji na Kamba: Wanga na yarda, tsohuwar BMW mai jan baya da giyar hannu ba ta kwana gare ni, yaran wasan mota na biɗarta. Amma dubi kuɗinta, ƙarami na, ɗalibi ma na iya haɗawa, kuma Garba na iya gyara ta da kayan da ke kasuwa. Ba ita Nura ka magana ba, shi gadon ubansa gaba ɗaya zai zuba.

Malam Sani: Nura ka sa wannan ma a lissafi. Motar da ka saya don hawa babu zakka a kanta, amma in da niyyar jiran ta yi tsada ka sayar ne ta zama kayan kasuwanci. A mazhabar Malikiyya mai ajiye kaya yana jiran kasuwa, ranar da ya sayar zai fitar da zakkar shekara ɗaya, kashi biyu da rabi cikin ɗari, in kuɗin sun kai nisabi kuma shekara ta zagayo. Sai ka tsayar da niyyarka tun yanzu.

Garba Bakanike: Wani abu kuma, da yawan irin waɗanga da ka shigowa gwanjon masu haɗari anka saye su can, ko waɗanda ruwa ya ci, a gyara a fesa a rage kilomita a ce Beljiyam ce tsaf. Nura ka ce ma mai motar shi turo lambar shasi.

Dakta Bashir: In ka samu lambar turo min, haruffa da lambobi 17 ne, zan ciro tarihinta a Carfax, shafin da ke ajiye tarihin motoci a nan, in an taɓa rubuta ta a matsayin wadda inshora ta yafe saboda lalacewa zai nuna, wani lokacin har hotunanta na wurin gwanjo ana samu.

Nura: Na gode ƙwarai iyayena da yayyena. Gaskiya zan faɗa, da Baba Alhaji ya ce miliyan 10 jikina ya yi sanyi, lissafin Hajiya kuma na sake yinsa da kaina ya fito haka. Son motar dai bai fita raina ba, tun ina firamare nake yanke hotonta ina liƙawa a bango. Amma akwai ƙannena mata biyu da ke karatu kuma ni suke kallo.

Aminu BK: Ni dai ina nan a kan bakana cewa akwai motocin tsere da suka fi fili, 911 tana ciki. Na yarda wannan Mustang ɗin ba ta ciki.

Hajiya Mai Shinkafa: Sun fi fili a ina Aminu, a Jamus ko a unguwar Gesse ta nan Birnin Kebbi?

Aminu BK: A inda ake da masu sayenta Hajiya, kuma Abuja ta fara zama haka, ku ba ta shekara biyar.

Alhaji na Kamba: Nura in Allah ya kai mu Asabar ka biyo ta wurina bayan la'asar, ka zo da takardun filin da kac ce da hotunan motar duka biyu, mu zauna da Garba. Kada ka tura ma kowa ko sisin kafin alƙalami kafin nan.

Nura: In sha Allahu Baba. Na tambayi mai motar lambar shasin tun ɗazu, ya karanta bai ba da amsa ba tukuna, da ya turo zan miƙa wa Dakta.