Shawarwari ga Dattijon da Aiki Ya Raba da Iyalinsa

A wata majalisa a Tudun Wada an tattauna batun wani dattijo da ya yi ritaya bayan shekara 35 yana aikin gwamnati. Kullum ofis, har Asabar. Yanzu in ya shigo falo, 'ya'yansa sai su watse.

Yawancin mutane sun ce kada ya fara da kuɗi, domin da ma kuɗin kaɗai suka sani daga gare shi. Gara ya taka da ƙafarsa har gidan babbar 'yarsa a Rigasa, ya zauna a tabarma, ya saurari ƙorafinta ba tare da kare kansa ba. Wannan shawarar ce ta fi kwanta mini. Wani malami ya ƙara da cewa yayarsa ta shiga tsakani, shi kuma ya riƙa kai jikoki Islamiyya da kansa.